Toksofilasmosis: cutar ƙwaƙwalwa da ke jiran garkuwar jiki ta raunana

Toksofilasmosis cuta ce da wata ƙaramar halitta mai suna Toxoplasma gondii ke haddasawa, wadda aka gano a Tunis a 1908. Mutum na ɗaukarta ta cin naman da bai dahu sosai ba, ko ta abinci da ruwan da kashin kyanwa ya gurɓata. A jikin mai lafiya takan kwanta shiru tsawon rayuwa. A jikin mai ɗauke da HIV kuwa, idan ƙwayoyin garkuwa na CD4 suka yi ƙasa da 100 a ma'aunin jini, sai ta farka ta haifar da ƙuraje a ƙwaƙwalwa.

Alamunta sun haɗa da ciwon kai mai tsanani, zazzaɓi, ruɗewa, jijjiga irin ta farfaɗiya, da mutuwar ɓarin jiki. A ƙasar Hausa akan danganta irin waɗannan alamu da iskokai ko sammu, lamarin da kan jinkirta zuwa asibiti. Idan aka gano ta da wuri, magani na aƙalla mako 6 yakan yi aiki. Idan aka bar ta, kisa take yi.

Tana cikin cututtukan da ke fakon raunin garkuwar jiki. Tarin fuka shi ne kan gaba wajen kashe masu HIV a duniya, sai sanƙarau na kiriftokokus, sai kuma ciwon huhu da farin baki mai sauka har maƙogwaro. Hukumar Lafiya ta Duniya na kallon CD4 ƙasa da 200 a matsayin cuta ta yi nisa.

Rigakafin bai da tsada: ƙwayar kotirimoksazol, wadda aka fi sani da Septrin, tare da shan maganin HIV kullum ba fashi. Saboda haka yawan masu kamuwa da ita ma'auni ne na yadda tsarin lafiya ke gano masu HIV da wuri, da kuma riƙe su a kan magani.

Binciken ƙasa na 2018 ya ƙiyasta masu HIV a Nijeriya da kimanin miliyan 1.9, kuma kaso mai yawa na magungunansu na zuwa ne daga shirin PEPFAR na Amurka da asusun Global Fund. Dakatar da tallafin ƙetare da Amurka ta yi a Janairun 2025 ya nuna haɗarin wannan dogaro, domin duk wanda maganinsa ya yanke, garkuwarsa na iya sake faɗuwa.