Bashin da annoba ke bari a ɗakin fiɗa

A watan Maris na 2020 kawuna, wani manomi a ƙauyen da ke kudu da Maraɗi, yana riƙe da takardar asibiti wadda aka rubuta masa ranar fiɗa a kanta. Gwaiwa ce ta shekara uku tana damunsa. Ya saida rago ya haɗa kuɗi, ya zaɓi rani don ya warke kafin ruwan shuka. Ranar 19 ga Maris aka tabbatar da mutum na farko mai korona a Nijar, washegari aka rufe makarantu, ni da ƴan ajina kowa ya koma gida. Da ranar kawu ta zo a watan Afrilu, aka ce masa ya koma sai an neme shi. Ya biyo ta gidana, ya zauna a kan tabarma, ya ce: "Mushe, sun ce nawa ba na gaggawa ba ne." Na ce: "To Kawu, sun faɗi ranar komawa?" Ya ce a'a. "Sun karɓi lambar waya?" Ya ce babu wanda ya tambaya.

Wannan kalma ta "ba gaggawa" ita ta sa na bi tarihin al'amarin. Abin da na gano shi ne ɗage aikin fiɗa a lokacin annoba yana da hujja mai ƙarfi, amma bashi ne ake ci, kuma marar lafiya ne ke biyan ruwansa da jikinsa.

Wa za a fara dubawa?

Tambayar ta girmi korona nesa ba kusa ba. Likitan fiɗa na rundunar Napoleyon, Dominique-Jean Larrey, ya shahara da ƙa'idar cewa a fagen yaƙi wanda rauninsa ya fi muni shi za a fara dubawa, ba wanda galansa ya fi yawa ba. Kalmar da likitoci ke kiran wannan aiki da ita ta fito daga Faransanci, trier, wato tsincewa, kamar yadda iyayenmu mata ke tsince gujiya a faifai. Idan hannu kaɗan ne kuma majinyata sun yi yawa, dole a tsince.

A zamaninmu birnin Toronto na Kanada ya gwada abin a 2003, lokacin da cutar numfashi ta SARS ta shiga asibitocinsa. Ranar 26 ga Maris hukumomin lardin Ontariyo suka kafa dokar ta-ɓaci, aka dakatar da ayyukan asibiti waɗanda za su iya jira. Cutar ta kashe mutum 44, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka kamu ma'aikatan jinya ne. Da masu bincike suka duba rajistocin asibiti daga baya, sai suka ga ba masu ƙananan larura kaɗai suka daina zuwa ba. Har wasu masu ciwo mai tsanani sun zauna gida, ko don tsoro ko don sun ɗauka ƙofa a rufe take ga kowa.

Kusa da mu, a Saliyo, Ebola ta 2014 ta zo da wani dalili dabam. Cutar tana bin jini da ruwan jiki, ɗakin fiɗa kuwa wurin jini ne. A ƙasashe ukun da ta fi yi wa ɓarna, Gini da Laberiya da Saliyo, ta kashe mutum sama da 11,000, ciki har da ma'aikatan lafiya fiye da 500. Ɗaya daga cikinsu shi ne Dakta Martin Salia, likitan fiɗa a ƙasar da irinsa ba su da yawa, wanda ya rasu ranar 17 ga Nuwamba 2014. Aiki irin na gwaiwa ya ragu ƙwarai, asibitocin da suka rage a buɗe suka fi mai da hankali ga fiɗar haihuwa, tun da naƙuda ba ta jiran annoba ta wuce.

Wasiƙar 17 ga Maris

Inda aka fi rubuta komai dalla-dalla shi ne Ingila, shi ya sa zan daɗe a kanta. A farkon Maris 2020 likitocinta suna kallon abin da ke faruwa a arewacin Italiya, musamman garin Bergamo, inda majinyata suka fi ƙarfin gadaje da na'urorin taimakon numfashi. Ranar 17 ga wata shugaban hukumar lafiyar Ingila, NHS, Simon Stevens, ya aika wa asibitoci wasiƙa: daga 15 ga Afrilu, in an makara ke nan, a ɗage duk fiɗar da ba ta gaggawa ba, aƙalla wata uku. Haɗurra da maganin ciwon daji da sauran abin da ba ya jira su ci gaba. Burin shi ne a samu gado 30,000 babu kowa a kai daga cikin kusan 100,000 da ake da su. A cikin kwanakin nan Faransa ta umarci asibitocinta da irin haka, ƙungiyar likitocin fiɗa ta Amurka ita ma ta ba da shawara iri ɗaya.

Mutum zai tambaya: mene ne haɗin mai ciwon gwiwa da mai tari? Haɗin yana da yawa. Likitan da ke sa majinyaci barci a ɗakin fiɗa shi ne ya fi kowa iya zura bututun numfashi a maƙogwaro. Na'urar da ke numfasa wa mutum lokacin fiɗa tana iya numfasa wa mai korona. Ɗakin da ake farfaɗowa bayan aiki yana da bututun iskar oksijin a bango, don haka cikin kwana kaɗan ana iya mai da shi ɗakin masu tsananin ciwo. Safar hannu da takunkumin fuska da rigar kariya kuwa sun yi ƙaranci a duniya baki ɗaya. Kowace fiɗa da aka ɗage tana sakin mutane da kaya zuwa inda wuta ke ci.

Akwai kuma hujja ta biyu, wadda ta shafi mai jiran aikin da kansa. Wata tawagar masu bincike da jami'ar Birmingham ta jagoranta ta bi mutum 1,128 a ƙasashe 24 waɗanda aka yi wa fiɗa suna ɗauke da korona ko suka kamu a kwanakin aikin. Kusan ɗaya cikin huɗu ya rasu kafin kwana 30, rabinsu kuma sun samu matsalar huhu. Wanda aka ce wa ya koma gida a wancan lokaci, mai yiwuwa ransa aka tsare.

Abin da ya burge ni a matsayina na malamin makaranta shi ne yadda suka raba majinyata aji-aji. Akwai wanda dole a yi masa aiki cikin awa 24, akwai na awa 72, akwai mai iya jiran wata ɗaya, akwai na wata uku, sannan mai iya wuce wata uku. Kowa yana da suna a rajista da ajin da aka sa shi, kuma idan ciwonsa ya canja ana iya ɗaga shi zuwa aji na gaba.

Wani darasin ya fito daga asibitin wucin gadi na Nightingale, wanda aka kafa cikin wani katafaren zauren baje koli a Landan, aka buɗe ranar 3 ga Afrilu. An tsara shi don ya ɗauki gado har 4,000, amma a zagayen farko na annobar majinyata 54 kacal ya karɓa. Cikin dalilan har da rashin isassun ma'aikatan jinya masu horon kula da irin waɗannan majinyata. Mu malamai mun san wannan: ana gina aji cikin wata guda, amma malamin da zai tsaya a cikinsa sai ya shekara da shekaru a makarantar horo. Dukiyar da ake tattali a asibiti lokacin annoba mutane ne kafin gadaje.

Ranar biya

Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. A watan Mayu 2020 waccan tawaga ta Birmingham ta ƙiyasta cewa a cikin makonni 12 na tsananin annobar za a soke ko a ɗage fiɗa miliyan 28.4 a duniya, daga ciki miliyan 2.3 na ciwon daji ne. Ta ce ko ƙasashe sun ƙara kashi 20 cikin 100 a kan aikin da suka saba, sai sun yi kusan mako 45 kafin su share abin da ya taru.

A Ingila ma abin ya wuce haka, don wata ukun da aka faɗa bai tsaya a uku ba. Annobar ta dawo da hunturu, aka sake ɗagewa. A watan Fabrairu 2020 layin masu jiran aikin asibiti ya kai kusan miliyan 4 da rabi, kuma mutum 1,613 ne kawai suka shekara suna jira. Zuwa Maris 2021 waɗanda suka wuce shekara sun haura 436,000. A watan Satumba 2023 layin ya zarce miliyan 7 da dubu 700. Wannan fa ƙasa ce mai kuɗi, mai kwamfuta a kowane ɗakin likita.

Jiran kuma ba a banza yake wucewa ba. Wani nazari da mujallar likitoci ta BMJ ta buga a Nuwamba 2020 ya nuna cewa kowane mako huɗu da aka jinkirta fiɗar ciwon daji yana ƙara haɗarin mutuwa da kashi 6 zuwa 8 cikin 100. Tsoho mai yanar ido da ya shekara yana jira yana iya faɗuwa ya karye a ƙugu. Mai ciwon ƙugu da ya daina tafiya, jikinsa na raunana har aikin ya ƙara wuya. Abin da likita ke nufi da "ba gaggawa" shi ne aikin da ake iya sa wa rana, ba aikin da ake iya fasawa ba.

Daga baya sun koyi dabara. Suka ware wasu asibitoci ko wasu sassa da ba a shigar da mai korona, ana gwada majinyaci kafin ya shiga, don fiɗa ta ci gaba ko annoba ta sake tasowa. A 2021 kuma suka ba da shawarar wanda ya kamu ya warke ya jira mako bakwai kafin a yi masa aikin da ba ya matsa ba.

Mu fa?

A 2015 wani kwamitin masana na mujallar Lancet ya ce mutum biliyan 5 a duniya ba su da hanyar samun fiɗa mai aminci da za su iya biya a lokacin da suke bukata. Mafi yawanmu muna cikin wannan lissafi. A wurinmu layin jira ba a kwamfuta yake ba, a ƙauyuka yake: matar da yoyon fitsari ya raba da mutane, tsohuwar da jikanta ya bar makaranta don ya ja mata gora, yaron da aka haifa da tsagaggen leɓe, manomin da gwaiwa ta hana shi sunkuyawa da hauya. Annoba kuma ba baƙuwarmu ba ce. Sanƙarau na 2015 ya kama mutum kusan 8,500 a Nijar, ya kashe sama da 570, har aka rufe makarantun Yamai na ƴan kwanaki a watan Afrilu. Wata za ta sake zuwa, kuma za a sake cewa wasu su jira.

Kawu bai koma ba, don ba a neme shi ba. Kuɗin ragon ya shige cikin iri da abinci. Ya yi shuka da noman fari yana ɗaure ciki da ƙyalle. Wani dare a watan Agusta kumburin ya yi tauri ya ƙi komawa, amai ya biyo baya. A amalanke aka fito da shi zuwa bakin hanya cikin laka, sannan mota. Allah ya yi da sauran kwana, an yi masa fiɗar gaggawa ya tashi, amma an yanke wani ɓangare na hanjinsa, kuɗin ya ninka, girbin shekarar kuwa ƴaƴansa ne suka yi. Ban ga laifin ɗage aikinsa a watan Afrilu ba. Laifin da na gani shi ne an sallame shi babu rana, babu suna a rajista, babu wanda ya faɗa masa alamar da zai gani ya garzayo.

Mu da muka koma aji ranar 1 ga Yuni 2020 mun san yadda abin yake. Darasin da aka tsallake bai ɓace ba, yana jiran yaron a aji na gaba, kuma wasu yaran ba su dawo ba sam sai da muka bi su gida da rajista a hannu. Asibiti ma sai da irin wannan bi.

Saboda haka, iyaye da ƴan'uwana malamai, idan wata rana aka ce wa naku ya koma sai an neme shi, kada ku fito sai kun yi tambaya uku. Wace rana zan dawo a sake duba ni? Wace alama ce in na gani ba zan jira ba? A ina aka rubuta sunana da lambar wayata? Ga mai gwaiwa alamar a fili take: kumburi ya yi tauri ya ƙi komawa, ciwo mai tsanani, amai, ko bayan gida da tusa su tsaya. Wannan ba ya jiran gari ya waye. Ku adana takardar asibiti kamar yadda kuke adana takardar haihuwar yaro, kuɗin da aka tara kuma a ɓoye shi dabam. Mu malamai, a ƙauye mu ne masu karanta wa mutane takarda, don haka mu ne ya kamata mu rubuta ranar a kalandar aji mu tuna musu. Su kuma hukumomin lafiya, duk ranar da suka sa hannu kan umarnin ɗagewa, a ranar ya kamata su buɗe rajistar waɗanda ke bin su bashi.

Allah ya tsare mu da annoba, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.