Farfaɗo da Hanyoyin Ruwa na Ingila

Hanyoyin ruwa na Ingila, wato magudanan da aka haƙa da hannu domin jiragen ruwa masu dakon kaya, sun bunƙasa ne daga shekarar 1761, lokacin da aka buɗe ta Bridgewater domin kai gawayin ƙasa daga Worsley zuwa Manchester. Dawaki ne ke jan jiragen daga gefen ruwa. Bayan zuwan jirgin ƙasa sai cinikinsu ya ja baya, har da yawansu suka cushe da laka da shara.

A 1946 Robert Aickman da Tom Rolt suka jagoranci kafa ƙungiyar kare waɗannan hanyoyi, kuma abin da ya fi cancantar yabo shi ne yadda jama'ar gari suka ɗauki aikin a matsayin na gayya, domin 'yan sa-kai da sojoji da fursunoni ne suka yashe sashen kudu na hanyar Stratford, suka gyara ƙofofinta, wato shingayen da ake ɗaga jirgi ko sauke shi da su ta hanyar ƙara ruwa ko rage shi, har aka sake buɗe ta a 1964. A Ellesmere Port kuwa, wata tsohuwar tashar jiragen ruwa da aka yi watsi da ita ta zama gidan tarihi a shekarun 1970, inda 'yan makaranta ke koyon tarihin masana'antu, matasa kuma suka koyi gyaran jirage. Tun 2012 wata gidauniyar agaji ce ke kula da kimanin mil 2,000 na hanyoyin a Ingila da Wales.