Yaushi

yaushi (suna, namiji)

1. Langaɓewa ko naɗewar ganye idan rana ta take, ƙasa kuma ta bushe. Misali: "Baba, dawarmu ta bakin kogin Gagare ta yi yaushi." "Ƙyale ta, ɗana, da la'asar sai ta warware."

2. A ilimin tsirrai, wani yaushin dabarar kare kai ce. Koren ganye da hasken rana yake haɗa abinci, amma in haske ya fi ƙarfinsa, rarar kan mai da iskar oksijin guba mai ƙona koren. Shi ya sa gero da dawa a gonakin Ƙaura Namoda da Zurmi ke naɗe ganye kamar sigari da tsakar rana, wake kuwa ya juya wa rana gefen ganyensa. A can cikin ganyen, launin rawaya mai suna karotinoyid yana mai da rarar hasken zafi ya watsar, bitamin C da E kuma su kashe gubar da ta kuɓuce.

Manomi dai da asuba yake gane wane irin yaushi ne: ganyen da ya kwana a naɗe, ƙishi ne sosai.