Wayar Ceton Rai: Da Wane Harshe Ake Amsawa?



A watan Nuwamban 1953 wani limamin coci a Landan, Chad Varah, ya fara amsa wayar mutanen da duniya ta yi wa zafi har suke tunanin kashe kansu. Daga nan ƙungiyar Samaritans ta samo asali. Manufarta ita ce wanda ya shiga ƙunci ya sami mai sauraronsa ba tare da tsangwama ba.

A wannan shekarar dai, Hukumar Lafiya ta Duniya ta buga littafin J.C. Carothers, likita Bature da ya yi aiki a Kenya, wanda ke cikin masu ganin ciwon damuwa bai cika kama baƙar fata ba. To, wanda aka ce ba ya ciwo, wa zai nema masa magani? Abin da Turawan mulkin mallaka suka tanadar mana shi ne gidajen tsare masu taɓin hankali, irin na Yaba a Legas da aka buɗe a 1907, da dokar tsarewa ta 1916.

Ɗan Najeriya ne ya sauya akalar. A 1954 Dakta Thomas Adeoye Lambo ya fara sauke marasa lafiya a ƙauyukan da ke kewaye da asibitin Aro a Abeokuta, kowa tare da danginsa, ana yi masa magani cikin harshensa da al'adarsa. Duk da haka, tsohuwar dokar, wadda aka yi wa kwaskwarima a 1958, ba ta kau ba sai a Janairun 2023, lokacin da Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa.

Layin waya kuwa ya makara. A 2017 aka kafa shirin SURPIN a asibitin koyarwa na Jami'ar Legas, kuma cikin layukansa an ware na masu jin Hausa. Ko a Amurka, lambar 988 ta fara aiki a Yulin 2022, amma sai bayan shekara guda masu jin Sifaniyanci suka sami damar tura saƙo da harshensu. Mai rinjaye ake fara yi wa tanadi, saura su biyo baya.

Mu dawo gida Dutse Alhaji. Ɗan acaba ko mai shayi da bashi ya yi wa katutu, ko matar da ta rasa ɗa, damuwarsu da Hausa take zuwa. Idan aka amsa musu da Turanci, sai su kashe wayar. Ga tsoron hukuma, domin sashe na 231 na dokar Penal Code, wadda ake aiki da ita a Abuja, ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara guda ga wanda ya yi yunƙurin kashe kansa. Ga kuma kunyar kada a ce imaninsa ne ya yi rauni.

Haramcin kashe kai a addini ba abin jayayya ba ne. Amma ciwon damuwa ciwo ne kamar hawan jini, kuma yana da magani. Akwai sashen kula da shi a Karu, akwai asibitocin Barnawa a Kaduna, Dawanau a Kano da Kware a Sakkwato.

Saboda haka, idan ɗan uwa ya ce ya gaji da rayuwa, kada mu ɗauka wasa ne, kada kuma mu fara da faɗa. Mu zauna da shi, mu saurare shi, kada mu bar shi shi kaɗai, sannan mu raka shi asibiti.

Allah Ya yaye wa kowa damuwarsa, amin.