Sunan Da Aka Manta A Jikin Fasta

Da yawanmu mun tashi muna kallon finafinan Indiya. Mun san Amita, mun san Hema Malini, har musu muke yi a kan wanda ya fi iya wasa. Amma in aka tambaye ki wa ya zauna ya rubuta maganar nan da ta sa ki hawaye, kin san shi? To yau tarihin wasu marubuta biyu zan kawo miki, Salim Khan da Javed Akhtar.

A birnin Bombay, wanda tun 1995 ake kira Mumbai, marubucin fim a da ba kowa ba ne. Wani ya kawo labari, wani ya yanka shi fitowa-fitowa, wani kuma ya rubuta maganganun da 'yan wasa za su faɗa, wani lokaci ma sai an zo wurin ɗauka ake rubutawa. Kuɗinsu kaɗan, sunansu kuwa ba ya hawa fasta.

Salim ya zo birnin ne don ya zama jarumi, abin bai karɓe shi ba. Javed ya zo a 1964, yana ƙananan ayyuka a wurin ɗaukar fim, wurin kwana ma gagararsa yake. Da suka haɗu sai suka raba aiki: Salim ya fi ƙarfi wajen ƙulla labari, Javed kuma wajen magana, yana rubutawa da haruffan Urdu masu kama da ajaminmu. Abin da ya bambanta su shi ne su ke yin aikin gaba ɗaya, su miƙa wa darakta labari kammalalle tun kafin a kunna kyamara.

Sun yi aiki a Haathi Mere Saathi a 1971, wato fim ɗin giwayen nan na Rajesh Khanna, da Seeta Aur Geeta a 1972. Sai Zanjeer a 1973. Manyan jarumai sun ƙi fim ɗin, su kuma suka dage sai a ba Amita, alhali a lokacin finafinansa faɗuwa suke yi. Da fasta ta fito babu sunansu, ba su tsaya ƙorafi ba. Suka ɗauki mai fenti, suka biya shi, ya bi gari cikin dare yana buga sunansu a jikin fastocin.

Zanjeer ya karɓu ƙwarai. A 1975 suka fitar da Deewaar da Sholay, wanda ya shekara biyar ana nuna shi a silimar Minerva. Daga nan fa su ke yanka farashinsu, furodusa ya biya ko ya haƙura. Sun rabu a 1982, amma ƙofar da suka buɗe ba ta rufu ba. Honey Irani, matar Javed ta farko, bayan aurensu ya mutu ta riƙe biro, ta rubuta Lamhe na 1991, ta ci kyauta da shi da sunanta.

'Yar uwa, na san akwai ki da littafin rubutu a ƙarƙashin katifa, kina cika shi bayan kin sauke tukunya, yara sun yi barci. Wata rana wani zai zo ya ce a ba shi labarin zai yi fim, ya miƙo miki 'yan kuɗin sabulu, ya ce ai sunan ba komai ba ne. Wallahi komai ne. Kuɗin sabulu kwana uku ya ƙare, amma suna shi zai sa gobe a zo har ƙofar gida ana sallama.

Sai dai ki lura, Salim da Javed ba da baki suka ƙwaci haƙƙinsu ba, sai da aikin ya yi kyau. Don haka ki gama labarinki tsaf, ki san mafarinsa da ƙarshensa. In an zo ciniki a rubuta a takarda, a sa shaidu, a faɗi kuɗi, a faɗi inda sunanki zai fito. Wanda ya yi noma shi ya kamata ya fara ɗanɗana tumu.

Allah ya ba mu sana'a mai albarka, ya tsare mana guminmu. Amin.