Daga Randa Zuwa Firiza: Tarihin Ƙanƙarar Zaƙi da Lafiyar Iyalinka

Idan ka taɓa fitowa daga Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke Gyaɗi-Gyaɗi cikin zafin watan Afrilu, bayan likita ya umarce ka da rage ƙiba da kiyaye sukari, ka san abin da ke jiran ka a titin Zariya: mai keken askirim da mai kular ƙanƙarar zoɓo. Sanin asalin wannan kwaɗayi zai taimake ka ka shawo kansa.

Kakanninmu ba su san firiza ba. Randa da tulu su ne madogararsu, domin ruwa yakan tsattsafo ta jikin yumɓu, iska ta busar da shi, na ciki ya yi sanyi. Zaƙinsu kuwa zuma ce da rake da mazarƙwaila da dabino, waɗanda ba kullum ake samun su ba. Fura da nono da farau-farau su ne ke kashe ƙishirwa.

Sauyi ya zo ne a farkon shekarun 1960. A lokacin ne aka kafa masana'antar sukari a Bacita, a jihar Kwara ta yanzu, kuma wani ɗan kasuwa daga ƙasar Denmak, Erik Emborg, ya kafa kamfanin Fan Milk a Ibadan, wanda ya shahara da tallar daskararriyar madara a kan keke. Da arzikin man fetur ya bunƙasa a shekarun 1970, firji ya fara shiga gidajen birni. Matan Kano suka mai da shi jari: su ƙulla zoɓo ko tsamiya ko garin 'ya'yan kuka a leda, su daskarar, yara su kai talla. Sana'ar ta rufa wa gidaje da yawa asiri.

Sai dai akwai wani abu da ya kamata ka sani. Sanyi yana dakushe ɗanɗanon zaƙi a harshe, saboda haka mai haɗa ƙanƙara yakan zuba sukari fiye da na abin sha. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa ya kai kashi 10 cikin 100 na kuzarin da mutum ke samu a yini, wato kimanin ƙaramin cokali 12 ga baligi. Giram 100 na askirim yana ɗauke da kalori wajen 200; kankana mai wannan nauyi, kalori 30 kacal; gwanda 43; mangwaro 60; ayaba 89.

Mafita tana kusa da kai. Kasuwar 'Yan Lemo ta Na'ibawa tana kan wannan titi na Zariya. Ka sayo nunanniyar kankana ko gwanda, a wanke da ruwa mai tsafta, a cire ƙwallaye, a yayyanka, a daskarar. Sannan a markaɗa kofi biyu da rabin ayaba da cokali uku na dafaffen kindirmo marar sukari, a matsa lemon tsami kaɗan. Kada a tace, domin dusar tana riƙe ciki kuma tana rage saurin hawan sukari. A zuba a ƙananan kofuna a mayar firiza. Kofi guda ya isa a yini.

Idan kana da ciwon sukari ko na ƙoda, ka tuntuɓi likitanka game da adadin da ya dace da kai, domin 'ya'yan itace ma suna da nasu zaƙin. Idan wuta ta ɗauke har ƙanƙarar ta narke ta daɗe, a zubar, kada a sake daskarar da ita. Ka kuma sa yara su taya ka yankawa da zubawa, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya ƙara mana lafiya.