Yadda ake tantance matsalar haɗiya bayan shanyewar ɓarin jiki

Wahalar haɗiya tana cikin matsalolin da ke biyo bayan shanyewar ɓarin jiki, kuma kusan rabin masu wannan larura sukan fuskance ta a kwanakin farko. Dalili shi ne illar takan shafi sassan ƙwaƙwalwa da ke sarrafa leɓɓa da harshe da maƙogwaro. Idan waɗannan suka yi rauni, ruwa ko abinci kan kauce wa hanyarsa ya gangara huhu, ya haddasa cutar nimoniya, wadda ke cikin manyan abubuwan da ke kashe irin waɗannan majinyata a makonnin farko.

Saboda haka ƙa'idar likitoci ita ce kada a ba majinyaci komai ta baki, ko ruwa ko kunu ko ƙwayar magani, sai an gwada haɗiyarsa. A Birtaniya ana son a yi wannan gwaji cikin awa 4 da isarsa asibiti. Dangi sukan ɗauki wannan hani a matsayin rashin tausayi, musamman idan leɓɓan mara lafiya sun bushe, alhali kurɓi ɗaya na iya zama mafarin ciwon huhu.

Ma'aikacin jinya da ya samu horo ne ke yin gwajin farko a gefen gado. Zai fara tabbatar da cewa majinyacin yana cikin hayyacinsa, yana iya zama a miƙe, yana iya yin tari idan an buƙace shi, kuma yana haɗiye miyansa. Wanda ya gaza a nan ba a ci gaba da shi. Wanda ya tsallake kuwa sai a ba shi ruwa da ƙaramin cokali sau da dama, sannan a kofi. Wasu asibitoci na amfani da mililita 50, wasu 90. Ana lura da tari, da shaƙewa, da dalalar ruwa daga gefen baki, da jinkirin haɗiya, da kuma sauyin murya ta koma kamar ta mai kurkurar maƙogwaro. Da zarar an ga ɗaya daga cikinsu sai a dakata.

Akwai kuma gwajin GUSS, wanda aka tsara a ƙasar Ostiriya aka wallafa a 2007. Shi da abu mai kauri yake farawa, sannan ruwa, sannan busasshen burodi, domin tsinkakken ruwa ya fi saurin zarcewa hanyar numfashi. Makinsa 20 ne, kuma yawan makin ke nuna nau'in abincin da ya dace.

Sai dai gwajin gefen gado yana da iyaka. Wasu majinyatan abinci na shiga huhunsu ba tare da sun yi tari ko sau ɗaya ba, saboda maƙogwaron ya daina jin abin da ya taɓa shi. Rashin tari ba shaidar lafiya ba ce. Haka nan taɓa can cikin baki don a ga ko mutum zai yi yunƙurin amai, duk da an daɗe ana yi, ba abin dogaro ba ne. Inda ake da shakku, ƙwararre kan magana da haɗiya zai nemi ɗaya daga cikin gwaje-gwaje biyu: hoton bidiyo na ekis-re yayin da majinyaci ke haɗiye abincin da aka gauraya da sinadarin bariyom, ko zura siririyar na'ura mai kyamara ta hanci don a ga maƙogwaron kai tsaye.

Sakamakon ne ke yanke hukunci: ko abinci mai laushi da ruwan da aka kaurara, ko robar ciyarwa ta hanci zuwa ciki. A kowane hali ana tsaftace bakin majinyaci a kai a kai, domin ƙwayoyin cutar baki ne ke bin miyau zuwa huhu. Yawancin majinyata haɗiyarsu kan inganta cikin makonni kaɗan, shi ya sa ake maimaita gwajin kafin a sauya abinci ko a cire robar.